Washa Arba'in da Huɗu

Sifirin ɗin ya kuɓuce daga bakin ƙarfen da mai garejin, Usta Abdulbasit, yake ja da shi, ya wuce ta gefen kunnensa, ya daki ƙofar gareji da ƙara kamar an yar da tukunya. Karo na shida ke nan tun jiya. Wannan karon bai tafi haka nan ba, sai da ya ɗebi fatar bayan hannun Usta, wato babban makaniki, yadda ake kiran irinsa a Masar.

Hamad yana tsugune a lungu yana wanke notuna a cikin kananzir. Bai ɗaga kai ba, don ya san abin da zai biyo baya.

"Ya Sudani! Kana zaune kana kallona? Miƙo tsumma!"

Ya miƙa masa. Usta ya naɗe hannun yana zagin sifirin, da wanda ya ƙera sifirin, da jirgin da ya kawo shi Alƙahira.

Wata goma sha huɗu ke nan Hamad yana wannan gareji da ke wani lungu na unguwar Hadayek el-Maadi, kuma a wata goma sha huɗun nan ba a taɓa bari ya riƙe sifana da sunan aiki ba. Shara tasa ce, wankin kayan da aka kwance nasa ne, dafa shayi nasa ne. Mutumin da ake aika haka kuwa shekarunsa hamsin da bakwai. Bahaushe ne ɗan Mai Wurno ta ƙasar Sudan, kuma kafin yaƙi ya koro shi da iyalinsa, shekara talatin ya yi da garejin kansa a Wad Madani, mutum tara suna cin abinci a ƙarƙashinsa. Direban babbar mota kan baro Gadarif inji yana tari, ya ƙi tsayawa wurin kowa sai wurinsa. Ranar da ya zo neman aiki ya faɗa wa Usta Abdulbasit duk wannan. Usta ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ai kowane ɗan Sudan da ya sauko daga mota injiniya ne a garinsu, sannan ya nuna masa inda tsintsiya take. Maganar ta ci masa rai a ranar, kuma har yau ba ta daina ci ba.

Motar da ta hana Usta sakat tsohuwa ce ta Amurka, ƙirar shekarar 1970, ja, mai ƙofa biyu da dogon hanci, irin wadda in an tayar da ita sai tagogin maƙwabta sun yi rawa. Bonet ɗinta mutum biyu za su kwanta a kai ba su taɓa juna ba, nauyinsa kuma ya isa ya karya wuyan ƙato. Abin da ke riƙe shi a sama in an buɗe, sifirin ne guda biyu masu kaurin wuyan hannu, ɗaya dama ɗaya hagu, can baya kusa da gilashi inda bonet ɗin yake juyawa a kan hinji. Na asalin sun gaji da duniya. An daɗe ana tokare bonet ɗin da sanda, har makon jiya sandar ta zame, ya sauko a kafaɗar direban mai motar.

Mai motar, Madam Rania, wurin mahaifinta ta gaje ta, kuma yau Alhamis ake bikin 'yarta Duaa. A cikin wannan motar za a ɗauki amarya da ango a zaga gari ana danna hon, yadda Misrawa suke yi. Motar na ɗaukar zafi a cunkoso, dole a tsaya a buɗe a ƙara mata ruwa, ita kuwa Madam ta rantse ba za a fito da sanda a gaban dangin ango ba. Ƙaninta ya taho mata da sababbin sifirin daga Amurka a cikin akwatinsa, guda biyu tak. Usta ya dube su ya ce aikin rabin awa ne. Don ya nuna da gaske yake, nan a gabanta ya yanke tsofaffin da injin yankan ƙarfe. Sai da ta tafi ya gano sababbin sun gaza kaiwa maƙalinsu da kusan yatsa uku, kuma ƙarfinsa da na ƙannensa biyu da ke aiki tare da shi bai miƙar da su ko yatsa ɗaya ba. Yau da safe ƙannen suka tuna akwai wata mota da za su jawo daga Helwan, suka sulale suka bar shi da kayansa.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta yi. Madam ta ce ƙarfe uku za ta zo.

Hamad ya goge hannu a jikin wandonsa ya miƙe. Ya yi magana da Larabcinsa na Sudan, wanda Usta ke kwaikwayo a gidan shayi in yana son a yi dariya.

"Usta, ka bar min su. Zan sa."

"Kai?"

"Ni."

"Mu uku mun kasa, sai kai da wannan ƙashin naka?"

"Ba aikin ƙarfi ba ne."

Usta ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, sai idonsa ya faɗa kan agogon bango, daga nan ya sauko kan tsumman da jini ya fara ɓullowa. Ya haɗiye zagin.

"In ka karce mata fenti, wallahi sai ka gwammace ba ka baro ƙasarku ba."

"Ba zan karce ba. Amma abu ɗaya nake so. In ta zo, ka gaya mata ni na yi. Da bakinka."

"Shi ke nan?" Usta ya yi dariya har da buga cinya. "Na zaci garejin za ka ce in ba ka. A kaina, a kan idona, na yi alkawari!" Ya kama gashin bakinsa da yatsa biyu. "Ga wannan. In ban faɗa ba, a aske shi."

Da ma a ce Usta mutum ne mai son sanin abin da bai sani ba, da ya jawo kujera ya zauna ya kalla. To, ina! Yaya za a yi masu wucewa su ga Usta Abdulbasit a zaune mai shara yana koya masa aiki? Ya ce zai je kemis a ɗaure masa hannu. Daga kemis ya tsallaka titi zuwa gidan shayin da ke kallon garejin, ya zaɓi kujerar da ta juya wa garejin baya, ya ce a kawo masa shisha.

Hamad ya tsaya shi kaɗai a gaban motar. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfenta, ya ce bismillahi. 

Ya fara da ɗaga bonet ɗin iya ɗaguwarsa, ya tokare shi da katako mai kauri maimakon sandar da ake ta wasa da rai da ita. Ya lulluɓe gefen motar da buhu saboda fenti. Sannan ya shiga bayan tsohuwar firjin da ke lungu ya jawo wani gwangwanin madara. A ciki akwai washa, 'yan faifan ƙarfen nan masu huda a tsakiya da ake sa wa noti. Duk a shara ya tsince su. A garejin nan in washa ta faɗi ƙasa ba mai sunkuyawa, shi kuwa hannunsa bai iya zuba ƙarfe mai kyau a bola ba. Ya zazzage su a kan kwali, ya zaɓi masu kauri ɗaya, duk sun yi baƙi da tsohon mai.

Yana jawo jak mai taya, irin wanda ake turawa ƙarƙashin mota, sai ƙamshin turaren wuta ya shigo, sallama ta biyo baya da Hausa.

"Salamu alaikum, masu gida. Kai! Yaya Hamad, me nake gani haka? An mutu ne aka bar maka gado?"

Bakri ne, ƙanin matarsa Mahasin. Malamin firamare ne a Sennar kafin yaƙi. Yanzu kasko yake ɗauka da garwashi yana bin shaguna duk Alhamis, ya turara wa mutane wurin sana'arsu, su ba shi abin da ya sawwaƙa.

"Ajiye kaskon nan nesa da fetur, ya zol, mutumina, ka zo ka danna min jak."

"Ina Fir'aunan naka?"

"Ga shi can yana busa hayaƙi. Yalla, lokaci nake kallo."

Hamad ya maƙala ƙugiyar sifirin ɗaya a ƙarfen tayar jak ɗin, ɗaya ƙugiyar ya ɗaure ta da sarƙa a kan hannun da ke ɗagawa. Ya yafa buhu a kai ko da zai kuɓuce, ya ja Bakri gefe. Bakri ya danna, ya sake dannawa. Sifirin ɗin da ya gagari ƙarti uku ya fara miƙewa yana ƙara a hankali, zobbansa suna rabuwa. Hamad ya yaye buhun, ya tsuguna, ya riƙa cusa washa a tsakanin zobe da zobe, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, yana lissafi a ransa. Ashirin da biyu.

"Saki, a hankali."

Jak ya sauka. Sifirin ya nemi komawa yadda yake, washoshin suka tare shi. Hamad ya kwance shi ya auna da yatsunsa. Ya ƙaru da yatsa uku da ɗan wani abu. Ya kai shi gefen dama na motar, ya sa ƙugiya ta ƙasa, ya sa ta sama da hannu ɗaya, kamar mai rataya riga a ƙusa.

Bakri ya riƙe baki. "Shi ke nan? Wannan ne suka kwana biyu a kai?"

"Wannan ne."

"To su washoshin fa? Haka za a bar su a ciki?"

"In an rufe bonet sifirin zai ƙara miƙewa, su zubo da kansu. Sai dai a shimfiɗa bargo a kan inji a tare su, kada ɗaya ta maƙale inda ba a so. Wurin mai gidana na koya ina ɗan shekara sha biyar, Allah ya jiƙansa. Kawo ɗayan."

Suna cikin na biyun Bakri ya yi ƙasa da murya. "Ka san Yaya Mahasin ta tare ni shekaranjiya? Ta ce, Bakri, gaya min gaskiya, wane irin gareji ne mutum zai wuni a ciki ya dawo hannunsa yana warin sabulu da ganyen shayi? Ta ce shekara talatin tana wanke baƙin mai a wuyan rigarka, yanzu sai ƙura."

Hamad ya tsaya da washa a hannu. "Me ka ce mata?"

"Na ce garejin Masar ne, tsabta gare su."

"Ta yarda?"

"Ta ce in tashi in ba ta wuri."

Hamad bai yi dariya ba. Ya cusa washar da ƙarfin da ya wuce kima.

"Ma'alish, Yaya, sai haƙuri," in ji Bakri. "Duk haka muke. Ni da nake koya wa yara nahawu, ga ni da kasko."

"Ba ma'alish ba ne, Bakri. Na gaji da ma'alish. Yunwa ban ce ba na jin ta ba, amma ba ita ke hana ni cin tuwo da daɗi ba. Kullum ina tsaye ina kallon ana ɗaure noti a karkace, ana dukan abin da ya kamata a lallaɓa, in na yi magana a ce in kawo shayi. Yau dai mutum ɗaya a garin nan zai ji cewa ni na yi aiki. Ya kama gashin bakinsa ya yi min alkawari."

Bakri ya leƙa tsallaken titi, ya dubi ƙeyar Usta. "Gashin bakin da ake rina shi duk mako? To, Allah ya sa."

Na biyun ma ya shiga. Ashirin da biyu, arba'in da huɗu ke nan. Bakri ya ɗauki kaskonsa, ya zaga motar sau ɗaya da hayaƙi don tsokana, ya wuce shagon gaba.

Hamad ya yi sallar azahar a kan kwali a gefen motar. Da ya idar ya koma kan hinjin, don ya san tsohon hinji busasshe in aka haɗa shi da sabon sifirin, bonet ne zai lanƙwashe a tsakiya. Ya wanke tsatsar da burushi, ya ɗiga mai a kowace gaɓa, ya bar shi ya jiƙu, ya sake ɗigawa. Bai yi gaggawa ba, tunda ƙarfe biyu ba ta ƙarasa ba. Abu ɗaya ya rage: ya shimfiɗa bargo, ya cire katako, ya sauke bonet a hankali. Ya shiga ciki ɗauko bargon ke nan ya ji tasi ta tsaya a ƙofa.

Madam Rania ce, ta zo da wuri da fiye da awa guda. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, an riga an yi mata gyaran gashi na biki, tana riƙe da waya a kunne tana ba wani umarni a kan furanni. Kafin ta sauke wayar Usta ya tsallako titi da gudu, motoci suna yi masa hon. Ya iso yana haki, fuskarsa ta mutumin da ke shirya ƙarya. Ya leƙa ƙarƙashin bonet daga gaba, ya hango baƙin sifirin a maƙale dama, ya hango a maƙale hagu. Nan take ƙirjinsa ya taso.

"Ahlan, ahlan, ya Madam! Kin haskaka wurin! Ya Sudani, shayi wa Madam, sukari a gefe."

Hamad ya matso da bargo a hannu. "Usta, akwai sauran abu ɗaya."

"Shayi na ce."

"Kada ka rufe bonet ɗin tukuna. Bari in shimfiɗa..."

Usta ya juyo, murmushin yana nan a bakinsa saboda Madam, idanun kuwa babu shi. Ya yi magana ta tsakanin haƙora. "Ana magana da masu mota, kana sa baki? Wuce."

Hamad ya wuce. Ya ajiye bargon, ya kunna risho, ya ɗora buta. Daga inda yake yana jin komai, don garejin bai fi ɗaki biyu ba. Ya kasa kunne yana jiran alkawari.

"Wallahi, ya Madam, ba don ke ba ce da ban karɓi aikin nan ba. Kin ga hannuna?" Usta ya ɗaga hannun da aka naɗe da bandeji. "Kwana biyu ina kokawa da shi. Duk Alƙahira ba mai sa wannan sifirin da hannu sai ni. Wasu sai sun aika an kawo musu na'ura daga waje. Ni kuwa da waɗannan hannuwan biyu, da taimakon Allah."

"Allah ya saka, ya usta. Na san Baba bai yi kuskure ba da yake kawo ta unguwar nan."

Hamad ya sauke butar daga kan risho. Ba mamaki ne ya kama shi ba, don can ƙasan ransa ya san za a yi haka. Takaici ne, na mutumin da ya san rami yana nan kuma ya taka. Shekara hamsin da bakwai, ya tsaya yana roƙon a ambace shi kamar mai neman sadaka, kuma ko wannan ɗin an hana. Ya zuba shayi a kofi. Ya ɗora a faranti ya fito.

Ya tarar Usta ya sa hannu ya cire katakon. Bonet ya tsaya a sama da kansa. Madam ta tafa.

"Yanzu kalli yadda zai rufu," in ji Usta, ya kama bakin bonet ɗin da hannu biyu.

Allah ya sani, akwai lokacin da Hamad zai yi magana karo na uku. Bakinsa ma ya buɗe. Ya dubi bandejin da aka gama nunawa, ya dubi farantin da ke hannunsa, ya rufe bakinsa.

Usta ya janyo bonet ɗin ƙasa da ƙarfi.

Ƙarar da ta biyo baya kamar an juye kwanon tsakuwa a kan rufin kwano. Ƙarafa suka zubo ta dama da hagu, suna dukan inji, suna faɗowa ƙasa, suna gangarawa ta ƙarƙashin mota zuwa ko'ina. Ɗaya ta mirgina har bakin takalmin Madam ta kwanta. Bonet ya rufu, amma ba wanda ya lura da wannan.

"Motar Baba!" Madam ta dafe ƙirji. "Me ya karye? Me ka yi mata? Yau ne bikin!"

Usta ya yi tsalle baya kamar motar ta cije shi. Ya dubi ƙarafan da ke ƙasa, bai san daga ina suka fito ba, bai san mene ne ya tarwatse ba. Abin da ya sani kawai, mota ce da ba a samun kayanta a ƙasar, kuma hannunsa ne na ƙarshe a kanta. Mutanen gidan shayi sun riga sun tsallako, sun cika ƙofar gareji. Ya waiga, ya ga Hamad tsaye da faranti.

"Shi ne! Wallahi tallahi, ya Madam, ban taɓa motar nan ba yau! Wannan ne ya sa su, shi kaɗai, daga farko har ƙarshe! Ni tun sha ɗaya ina gidan shayi. Ku faɗa mata, jama'a! Ina nake tun safe?"

"Gaskiya ne, yana tare da mu," in ji wani tsoho mai carbi. "Shisha uku ya sha. Ko waiwayowa bai yi ba."

"Kin ji! Na ce kada ya taɓa, ya nace!" Ya juya kan Hamad yana nuna titi da hannun bandeji. "Khalas, shi ke nan! Fita min daga gareji! Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan!"

Hamad ya nemi wuri mai tsabta a kan teburin aiki ya ajiye farantin, don kada shayin ya zube. Ya ratsa ta gaban Usta kamar ba kowa a wurin. Ya sa hannu ƙarƙashin hancin motar ya saki makullin bonet, sannan ya sa yatsa biyu ya ɗaga. Bonet ɗin ya tashi sumul, ba ƙara, ba tangarɗa, ya tsaya a sama. Ya janye hannunsa ya koma baya. Ya sauke shi rabi ya saki, ya tsaya a rabin. Ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ba abin da ya karye, Madam," ya ce. "Washa ce. Na cusa su a cikin sifirin don ya yi tsawon da zai kai maƙalinsa. In an rufe, dole su zubo. Da an jira ni na shimfiɗa bargo, da ba ki ji ƙarar komai ba."

Madam ta matso a hankali. Ta miƙa wa tsohon mai carbi jakarta ba tare da ta dube shi ba, ta sa hannu ɗaya ta sauke bonet ɗin, ta ɗaga. Ta sake. Idonta ya ciko.

"Tun ina yarinya ban ga ya tsaya haka ba," ta ce. Sannan ta juya ta dubi Usta, ta dubi bandejinsa, ta daɗe tana dubansa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Wani daga bakin ƙofa ya yi tari irin na mai danne dariya.

Usta ya fara borin kunya. "Ai... ai mu nan hannu ɗaya ne, ya Madam. Ni na tsara, shi ya aiwatar. Maganar kora kuwa wasa ne, haka muke yi da shi kullum. Ko ba haka ba?" Ya kai hannu zai dafa kafaɗar Hamad, ya tarar ba kafaɗa a wurin. Hamad ya riga ya tsuguna yana tsince washoshinsa.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙarƙashin teburi, bakin magudana, kan batir, cikin lungun inji. Mutanen ƙofa suka taya shi da ƙafa, suna turo masa waɗanda suka gangara waje. Ya jera su a kan kwali goma-goma. Layi huɗu, da uku a gefe. Ya sake ƙirgawa. Arba'in da uku.

 Ɗaya tana cikin motar, kuma ya san laifin wane ne. Usta jahilci ne ya ja shi, shi kuwa yana sane ya yi shiru.

Usta ya riga ya zaro makullin motar daga ƙusa yana kaɗa shi. "Tamam, tamam, komai ya yi. Yalla, a tayar wa Madam, amarya na jira."

"Ba za a tayar ba," in ji Hamad.

"Me ka ce?"

"Arba'in da huɗu na sa, arba'in da uku na gani. In ɗayar ta maƙale kusa da bel ko fanka, a tsakiyar gada za ta nuna kanta, da amarya a ciki. Motar nan ba za ta motsa ba sai na gan ta."

"Saboda washa ɗaya? Kai wane ne da za ka hana mota fita a garejina?"

"Wanda ya yi aikin." Hamad ya ɗago ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. "Daga farko har ƙarshe. Kai ka faɗa, ga shaidu."

 Madam Rania ta dubi agogon hannunta, ta dubi motar. Ta miƙa hannu ta zare makullin daga yatsun Usta, ta karɓi jakarta ta jefa shi ciki.

"Amarya ta jira," ta ce. "Nemo ta, ya usta."

Ba Abdulbasit take kallo ba da ta faɗi haka, kuma kowa ya gani.

Hamad ya jawo kwali ya kwanta rigingine, ya tura kansa ƙarƙashin motar. Ya san abin da ya saya da bakinsa. Gobe Juma'a ba aiki, jibi kuwa da wuya a buɗe masa ƙofar nan, don Usta zai iya yafe wa wanda ya ɓata masa aiki, amma ba wanda ya gyara a gaban mutane ba. Ya ajiye wannan tunanin gefe, ya fara laluben ƙarfen da ke ƙarƙashin inji da yatsunsa. Wurin da duhu, ba ya ganin komai.

"Ina son haske," ya ce daga ƙasa.

Madam ta kunna fitilar wayarta, ta dubi kayan jikinta, ta dubi ƙasan garejin da ya sha baƙin mai. Sai ta miƙa wa Usta Abdulbasit wayar.

"Riƙe masa."

Hamad ya ga takalman Usta sun daɗe a tsaye wuri ɗaya. Daga baya suka matso. Gwiwa ɗaya ta sauka a ƙasa, ɗayar ta biyo, haske ya shigo yana rawa a kan tankin man inji.

"Ba nan ba," in ji Hamad. "Kawo shi hagu. Yi ƙasa kaɗan."

Hasken ya koma hagu, ya yi ƙasa kaɗan.